Ciwon sukari da ƙoda: Me binciken iskar oksijin ke nufi ga majiyyata a Zariya?

Ga masu ciwon sukari a Samaru da Sabon Garin Zariya, babban abin fargaba shi ne ranar da za a tura su wankin ƙoda a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Masana na ganin ƙarancin iskar oksijin a cikin ƙoda na daga cikin musabbabin lalacewarta. Idan sukari ya yi yawa a jini, aikin ƙoda kan ƙaru, ta ci iskar da yawa, kana sukarin kan raunana sinadarin HIF, wanda ke taimaka wa ƙwayoyin jiki su jure ƙarancin iskar.

Gano yadda wannan sinadari ke aiki ne ya sa aka bai wa Peter Ratcliffe, likitan ƙoda ɗan Burtaniya, da Amurkawa William Kaelin da Gregg Semenza, kyautar Nobel a 2019.

Sai dai magungunan da binciken ya haifar, irin su roxadustat, ƙarancin jini suke magancewa, ba sa farfaɗo da ƙodar da ta lalace.

Don haka gwajin fitsari duk shekara na nan da muhimmancinsa, domin alamar cutar kan bayyana a fitsari tun kafin majiyyaci ya ji ciwo.