Koya wa garkuwar jiki gane ɗan gida: ina aka kwana da wannan magani?

Kyautar Nobel ta likitanci ta 2025 ta tafi hannun Shimon Sakaguchi na Japan da Amurkawa biyu, Mary Brunkow da Fred Ramsdell, saboda gano yadda jiki ke hana garkuwarsa kai wa kansa hari. Idan wannan birki ya lalace sai a samu cututtuka irin su ciwon suga nau'i na 1, inda garkuwa ke kashe ƙwayoyin da ke samar da insulin, ko cutar da likitoci ke kira sclérose en plaques, mai cinye rigar jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka.

Magungunan da ake da su yanzu galibi suna danne garkuwar ne gaba ɗaya. Sukan rage ciwon, amma su bar ƙofa a buɗe ga wasu cututtuka, abin da ke da haɗari a ƙasa irin Nijar inda tarin fuka bai kau ba. Shi ya sa masu bincike ke neman wata hanya: a ɗauki ainihin guntun furotin na jiki da garkuwa ke yaƙa, wato antijen, a nuna mata shi cikin yanayin lumana har ta saba, sauran aikinta kuma ya ci gaba.

A watan Janairun 2021 kamfanin BioNTech na Jamus, wanda ya yi suna da rigakafin korona, ya nuna cewa fasahar mRNA ta kwantar da cutar jijiya a jikin ɓeraye. A 2023 ayarin Jeffrey Hubbell na Jami'ar Chicago ya manna wa antijen wani nau'in suga domin ya nufi hanta, gaɓar da ke koya wa garkuwa abin da bai kamata ta taɓa ba. Nan ma dabbobi ne suka warke.

A jikin mutum labarin ya sha bamban. Babban gwajin kamfanin Diamyd na Suwidin da furotin GAD65 ya gaza cimma burinsa a 2011. Gwajin shan insulin ta baki don jinkirta ciwon suga, wanda aka wallafa a 2017, shi ma bai kai ga gaci ba. Dalili guda: a ɗakin gwaji an san antijen ɗin da ya haddasa cutar, tunda masu binciken ne suka sa ta. Kafin majinyaci ya je asibiti kuwa, garkuwarsa ta riga ta faɗa wa furotin da yawa, kuma sun bambanta daga mutum zuwa mutum.

Saboda haka duk wanda ya tallata maka "rigakafin da ke warkar da suga" a WhatsApp, kuɗinka yake so. Yaron da ke ɗauke da nau'i na 1 a Maraɗi ko Damagaram, har yau allurar insulin da wurin adana ta da sanyi ne ke riƙe da ransa.