Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Sakkwato Kan Zaman Banzan Matasan Maikujera

Mai girma Gwamna Ahmed Aliyu,

Ranka ya daɗe, daga Maikujera muke kawo kuka, a ƙaramar hukumar Rabah, ƙasar da ta haifi Sardauna Ahmadu Bello.

Yaranmu suna gama Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari ko Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, su dawo gida su ajiye takardar shaida a ƙasan akwati. Wasu sun koma kabu-kabu, wasu sun tafi cirani kudu. Shi kuma malami ko ma'aikacin lafiyar da aka turo daga birni ba ya son kwana a ƙauye, kuma ba mu ga laifinsa ba: tun harin da aka kai ƙauyen Tabanni a 2018 hanyoyin gabashin jihar nan suka zama abin fargaba. Ga aji babu malami, ga ɗan gari mai takardar koyarwa yana hamma a gindin dogon yaro.

Ruwa ma muna da shi. Madatsar Goronyo tana kan Kogin Rima tun 1984, fadamar Wurno tana ba da shinkafa da albasa da tafarnuwa, amma matashin da ba shi da injin ban-ruwa sai dai kallo.

Amana ce a wuyanka, Ranka ya daɗe. Muna roƙon a riƙa ɗaukar malamai da ma'aikatan lafiya daga cikin 'yan mazaɓa, ba tare da sai mutum yana da uwa a gindin murhu ba. A ware alawus ga masu aiki a karkara, a ba matasa rancen injuna kafin noman rani, a kuma tsare hanyoyin gonakinmu.

Wassalam,
Matasan Maikujera