Kwaɗon da ke kulle mai gida a waje

Ɗan ƙanwata malamin makaranta ne a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Ollelewa. Ya yi watanni yana tara kuɗi har ya sayi kwamfuta ta hannu, ya kuma biya kuɗin manhajar rubutu ta halal, don ya ce ba zai koya wa yara gaskiya da kayan sata ba. Ana saura kwana uku jarrabawa, ya jona kwamfutar a batirin sola da daddare zai gyara tambayoyi, sai manhajar ta ƙi. Wai sai ta ji daga kamfaninta ta intanet kafin ta bar shi ya taɓa ko harafi ɗaya. Rezo kuwa babu. Da asuba ya hau babur sai Tanut. Daga can ya kira ni, murya a shaƙe: "Kawu, waɗanda aka zuba wa ta sata suna ta aikinsu, ni da na biya ni ne a kulle."

Maganar nan ta tsaya mini a rai, domin gaskiya ya faɗa.

Mai manhaja yana da haƙƙi, ban musa ba. Duk wanda ya ga yadda masu kwafar faifai da masu tura fina-finai a waya suka durƙusar da kasuwar fim a Kano ya san zafin a ci guminka kana kallo. Dokar Nijar ma ta san da wannan haƙƙi, ga kuma yarjejeniyar Bangui ta 1977 da ƙasar ke ciki. Rigimata da irin kwaɗon ce.

Tun shekarun 1980 ake gwada dabaru. Wasu kamfanoni sukan rubuta faifai ta hanyar da na'urar kwafa ba ta iya maimaitawa. Wasu sukan tsayar da kai su tambaye ka wata kalma daga wani shafi na littafin da ya zo da kayan. Wasu kuma su ba ka ɗan makulli ka soka a jikin kwamfuta, in ya ɓace aiki ya tsaya. A 1986 wasu 'yan'uwa biyu a Lahore ta Pakistan, Basit da Amjad Alvi, suka ƙirƙiro Brain don su bi sawun masu kwafar manhajarsu, sai abin ya kuɓuce musu ya zama ƙwayar cutar kwamfuta da ta zaga duniya. A 2005 Sony BMG ya ɓoye irin wannan ɗan tsaro a faifan waƙoƙi, ya buɗe wa ɓarayi ƙofa a kwamfutocin masu saye, har sai da ya janye faifan.

Da Windows XP ta fito a 2001 da lambarta mai haruffa da alƙaluma 25 da wa'adin kwana 30, aƙalla ana iya rajista ta waya, sau ɗaya, a wuce wurin. Yanzu salo ya koma haya: tun 2013 Adobe ya koma karɓar kuɗi wata-wata, wasu suka bi sahu. Wanda ya tsara wannan yana zaune ne inda wuta da intanet ba su yankewa. Bai taɓa jin sunan Tanut ba, balle ya san akwai wanda zai ƙona man babur don kawai manhaja ta shaida shi.

To, sai jama'a su koma ga fasassun kwafi, nan ma akwai wata masifar. Mai fasa kwaɗo yakan cusa abin da ya ga dama a ciki, kuma galibi sai an kashe sabuntawa don kada asiri ya tonu. Irin kwamfutocin da ba a sabunta su ne WannaCry ta afka wa a Mayun 2017, a ƙasashe kimanin 150. Ka ƙaddara rajistar haihuwa ta gari guda ce a cikin irin wannan na'ura.

Shi ya sa nake kira ga magadan gari da masu duba makarantu na Tanut da Belbeji su daina jiran kyauta ko sata. LibreOffice tana nan tun 2011, halal ce, ba a biyan ko dala, tana da Faransanci, tana buɗe takardun Word da Excel, ba ta kuma neman rezo. Ɗaliban Jami'ar André Salifou ta Damagaram za su iya zagayawa lokacin hutu su ɗora ta, su koya wa sakatarori da malamai cikin kwana biyu.

Shi dai ɗan ƙanwata na zuba masa ita a kile, na ba direban motar Tanut ya kai masa. Da ita ya buga sakamakon ajinsa na ƙarshen shekara.