Keke Mai Sifirin Biyu a Hanyar Pitowa

Keke mai sifirin gaba da baya, irin na araha da ke zuwa daga Sin cikin kwali, yana ɗaukar idon matasa a Garwa, amma bai dace da mai neman abin hawa na kullum ba. Haɗa shi ba wuya: a ɗaura kan keke, a sa tayar gaba da sirdi, a ɗaure feda, a tuna cewa ta hagu baibai ake murɗa ta, sannan a saita birki da giya. Matsalar tana baya. Sifirin mai araha lilo kawai yake yi, yana cinye ƙarfin ƙafa a kan kwalta, ƙurar hunturu kuma ta shiga mahaɗin firam har ya fara girgiɗi, ga kayan gyaransa da wuyar samu. Kariyar ɗora kaya ma ba ta zama daram, balle a ɗauko buhun masara daga kasuwar Lahadi ta Pitowa. Mai son hawa wajen dutsen Tinguelin gara ya zuba kuɗinsa a keke mai sifirin gaba kaɗai da birki mai kamawa.