Ra'ayinmu: A rage tuwo, amma kada a mai da kitse magani

Wani salon cin abinci ya samu shiga a gidajen motsa jiki na Sabon Gari da Fagge a Kano: a ƙaurace wa tuwo da shinkafa da burodi da gari, a rungumi ƙwai da nama da mai. Masu yinsa suna kiransa keto. Ƙa'idarsa ita ce kada sitaci da sukarin da mutum zai ci su wuce kimanin giram 50 a yini, alhali farantin shinkafa ɗaya ya zarce haka. Idan jiki ya rasa sitaci, sai hanta ta koma sarrafa kitse domin samar da kuzari.

Abin ba yau aka fara shi ba. A 1921 likita Russell Wilder na asibitin Mayo a Amurka ya tsara shi domin masu farfaɗiya, sannan a 1972 littafin Robert Atkins ya tallata rage sitaci ga masu son rage ƙiba.

Masu wannan ra'ayi suna da hujja, kuma bai kamata a yi musu gardamar banza ba. Dubi kwanon talakan Kano da rana: malmalar tuwo uku, miya ɗan cokali, a kora da lemon kwalba. Wanda ke wuni zaune a shago a kasuwar Sabon Gari ba ya buƙatar duk wannan. Mai da nama suna daɗewa a ciki, yunwa ba ta saurin dawowa, sukarin jini ba ya tashi farat ɗaya, shi ya sa wasu masu ciwon suga ke ganin sauƙi. Sai dai ramar makon farko yawancinta ruwa ne ya fita, kuma idan aka kai shekara, tazarar da ke tsakanin wannan salo da sauran hanyoyin rage abinci takan ragu ƙwarai.

Wajen motsa jiki ne maganar ta rabu biyu. Mai tattaki da asuba ko sassarfa a hankali, kitse zai iya riƙe shi. Amma ɗan damben da ya shiga fili a dandalin Ado Bayero, ko matashin da ke tsere da ƙwallo a filin wasa na Sabon Gari, ko ɗan dakon da ke haye mota da buhu a ka, aikinsu na fizga ne, kuma tsoka ta fi saurin samun irin wannan ƙarfi daga sitacin da ta adana. Binciken da Louise Burke da abokan aikinta suka wallafa a 2017 kan gwanayen gasar tafiyar sauri a Ostiraliya ya nuna cewa waɗanda aka ɗora kan kitse sun ƙware wajen ƙona shi, amma ba su ƙara sauri ba kamar 'yan uwansu da ke cin sitaci.

Abin da ya fi damunmu shi ne yadda ake fassara "ci mai" da "ci kowane mai". Giram ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori 9, na sitaci 4. Kitsen tsire da kakiɗi da man shanu, har da manja wanda kusan rabinsa daskararren kitse ne, suna ɗaga kolestarol mai toshe jijiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada irin wannan ya wuce kashi 10 cikin ɗari na kuzarin yini. Balle man kaskon bakin titi da aka yi ta suya da shi har ya yi baƙi. Man gyaɗa, riɗi, agushi, kifi da fiya sun fi dacewa, duk suna nan a kasuwar 'Yankura. Wa ma ke iya sayen kiret ɗin ƙwai kowane mako a wannan tsadar?

Matsayinmu shi ne a rage sukari da farin burodi da lemon kwalba, a rage malmala, a ƙara wake da zogale da kifi. Mai aikin ƙarfi da ɗan wasa kada su bar tuwonsu. Mai juna biyu, da mai ciwon ƙoda, da mai ciwon suga da ke shan magani ko allurar insulin, kada su yanke sitaci sai da sanin likita, musamman mai ciwon suga, domin sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa warwas. Masu horar da mutane a gidajen motsa jiki kuma su daina rubuta wa jama'a jadawalin abinci, wannan aikin ma'aikatan lafiya ne.