Na Cire wa Fijon Baba Fankarta, Kuma Ban Yi Nadama Ba

Tun ranar da na sa wa Peugeot 504 ɗin da mahaifinmu ya bari fankar lantarki na zama abin magana a majalisa. Wani dattijo, abokin marigayin, ya leƙa cikin bonet ya girgiza kai, ya ce, "Ɗana, ka ɓata motar Alhaji. Bature bai yi ta haka ba." Na yi shiru saboda girmansa. A nan kuwa ba zan yi shiru ba, domin wannan magana ta "Bature bai yi ta haka ba" tana cikin abubuwan da ke kai tsofaffin motocinmu hannun 'yan gwangwan.

Fankar asali fambel ne ke juya ta, shi kuma fambel inji ne ke jan sa, wato gudunta gudun inji ne. Idan kana kan hanyar Kano zuwa Zariya kana tafiyar kilomita 90 a awa, fanka na juyawa da ƙarfi alhali ba a buƙatarta, don iskar da ke shigowa ta gaba ta ishi lagireto. To ka faɗa gosulo a tsakiyar Kano cikin watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, inji na juyi wajen 800 a minti ɗaya. Iskar gaba ta ɗauke, fanka kuma tana juyi kamar mai gyangyaɗi. Lokacin da aka fi buƙatarta ne ta fi kasala. Sai ka ga allurar zafi tana hawa, kai kuma kana ta addu'a a buɗe hanya. Sau biyu ta tafasa mini ruwa a bazarar bara, na biyun har sai da aka sake gaskit. Fankar lantarki ba ruwanta da gudun inji: ko mota na tsaye, idan ruwa ya yi zafi za ta tashi da cikakken ƙarfinta.

Ita 504 a 1968 ta fito, an kuma fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975. Cunkoson da ke titunanmu yau, da A Daidaita Sahu ta ko'ina, babu shi a wancan zamani. Abin da masu kare "asali" suke mantawa shi ne kamfanin da kansa bai so fanka ta yi ta juyi ba dalili ba. Yawancin 404 da 504 sun zo da fanka mai maganaɗisu, wadda ba ta kamawa sai ruwa ya yi zafi. Da ta samu matsala, makanikai sukan ɗaure ta da noti ta riƙa juyi kullum, a wuce wurin. Tamu ma haka na tarar da ita. Wane asalin ke nan na ɓata?

Idan ana neman masu ɓata mota, ga su nan. Ka kai motarka tana zafi, ba a duba komai ba, sai a ce, "Oga, tamostat ne, na ƙasar sanyi ne, a nan ba ya aiki." A cire shi a jefar. Sannan rewaya ya haɗa maka fanka "dairek", da ka murɗa makulli ta tashi, ba ta tsayawa sai ka kashe mota. Wannan ɗan bawul da ake rainawa shi ne ke tsare ruwa har inji ya kai zafin da aka tsara masa, wajen digiri 80 zuwa 90. Injin da ke aiki a sanyaye ya fi shan mai, ya fi saurin cinyewa, baƙin mansa ma ya fi saurin lalacewa. Da safiyar hunturu a Jos ko Funtuwa, mai irin wannan mota zai yi tafiya mai nisa allura ba ta motsa ba, yana murna wai motarsa ba ta zafi. Illar takan ɗauki shekaru kafin ta bayyana, lokacin an manta da wanda ya yi aikin.

Aikin da na tsaya a kansa har aka gama ba wani mai wuya ba ne. An ɗaura fankar a bayan lagireto tana zuƙo iska, domin wadda ake sawa a gaba tana tare wani ɓangare na iskar hanya. An yi mata murfi a kewaye don iska ta ratsa ta cikin lagireton maimakon ta zagaye ta gefe. An sa makunni mai jin zafin ruwa, shi ke tada ta, shi ke kashe ta. Wuta kuma daga batir take zuwa ta waya mai kauri, da fis da rile, saboda irin wannan fanka tana iya jan amfiya 10 zuwa 20, kuma wayoyin makulli masu shekara 40 ba za su ɗauki wannan nauyi ba. Na sa an gwada cajin motar tukuna, fitilu a kunne, don kada in magance zafi in jawo mutuwar batir. Rewayan ya so ya ɗaure fankar da robobi ta cikin haƙarƙarin lagireto, na hana. Girgizar hanyoyinmu za ta huda shi.

Zan ba abokan hamayyata abu biyu. Fankar lantarki ba ta gyara lagireton da ya toshe da tsatsa da ruwan rijiya, ba ta gyara famfon ruwan da ya mutu ko murfin lagireton da ya daina riƙe iska. Wanda ya sa ta don ɓoye waɗannan, kansa ya yaudara. Na biyu, motar da aka ajiye don kallo ko baje-koli, a bar ta yadda take, ban ja ba. Tamu kuwa ita ke kai Hajiya asibiti duk ranar Talata, ita ke ɗauko yara daga Islamiyya.

Tsohuwar fankar tana nan a ɗaki, na naɗe ta a buhu tare da notikanta, ban huda komai ba, ban yanke waya ko ɗaya ta asali ba. Duk magajin da ya ga dama, aikin awa ɗaya ne ya mayar da ita. Makon jiya dattijon nan ya roƙi in sauke shi kasuwa, muka yi minti 40 a gosulo da tsakar rana. Na lura yana satar kallon allurar zafi, bai dai ce komai ba har ya sauka.