Wa'adin goge bayanai: Saitin kwamfuta da zai iya binne shaidar almundahana

A watan Yunin 2014, hukumar tara haraji ta Amurka, IRS, ta shaida wa majalisar dokokin ƙasar cewa saƙonnin imel masu yawa na Lois Lerner sun salwanta. Lerner ce ta shugabanci sashen da aka zarga da matsa wa ƙungiyoyin masu ra'ayin mazan jiya lamba. Hukumar ta ce faifan kwamfutarta ya lalace tun a 2011. Da aka tambayi kwafin ajiya, sai ta amsa cewa wata shida kacal take riƙe shi, daga nan a ɗora sabbin bayanai a kan kaset ɗin. Daga baya binciken babban sufeto ya gano cewa a watan Maris na 2014 ma'aikata sun goge kaset 422, masu ɗauke da saƙonni har kusan 24,000, alhali akwai umarnin kada a taɓa su. Binciken bai samu shaidar ganganci ba, kuma ba a gurfanar da kowa ba.

Wannan labari ya shafi Najeriya kai tsaye, domin ofishin shugabar ma'aikatan tarayya, Didi Walson-Jack, ya sanya ƙarshen 2025 a matsayin lokacin da ma'aikatu za su bar aiki da takarda. Fayil ɗin kwangila da a da yake cikin kabad, yanzu zai zauna a rumbun kwamfuta. Tsawon ransa kuwa ya rataya ne a kan 'yan lambobin da wani jami'in fasaha ya shigar a manhajar ajiya.

Manhajar tana kwafe bayanan kwamfutocin ofis ta hanyar sadarwar cikin gida, ta zuba su a manyan faifai, galibi da dare. Kowane kwafi yana da wa'adin kariya, misali kwana 30 ko 90, wanda a cikinsa ba a yarda a rubuta wani abu a kansa ba. Ranar da wa'adin ya cika, manhajar na da ikon share shi ta karɓe gurbinsa. A zamanin kaset, sai mutum ya ɗauko shi da hannu ya mayar cikin na'ura, don haka akwai wanda za a tambaya. A kan faifai babu wannan hannun, sharewar kan auku ne kowa na barci.

Akwai kuma saitin da ya fi wannan haɗari, wato abin da manhaja za ta yi idan faifai ya cika. Ko dai ta tsaya ta yi ƙorafi, ko ta cinye kwafi mafi tsufa. Jami'in da aka hana kuɗin sayen ƙarin faifai, kuma ake kiransa duk lokacin da aiki ya tsaya, ba abin mamaki ba ne ya zaɓi na biyu. Ba mugunta ya nufa ba, amma sakamakon ɗaya ne da na mai mugunta. Daɗin daɗawa, yawancin kwafin kullum sauye-sauyen ranar kaɗai suke ɗauka, suna jingine da cikakken kwafin da ya gabace su. In aka rasa wannan tushen, ragowar sun zama hoto.

Ko ƙwararru ma sun sha ƙuna a nan. A watan Disambar 2021, Jami'ar Kyoto ta Japan ta yi asarar kusan terabait 77 na bayanan bincike, bayan da wani umarni da aka rubuta don share tsoffin rahotannin aiki da suka wuce kwana goma ya kauce hanya yayin sabunta shi. Kamfanin Hewlett Packard Enterprise ya ɗauki alhakin.

A Najeriya, matsalar ta fi ƙarfi ta fuskar doka. Sashe na 10 na Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ya tanadi ɗaurin aƙalla shekara ɗaya ga jami'in da ya lalata bayanan da ke hannunsa, amma sai in da gangan ya yi. To wa za a kama da ganganci idan manhaja ce ta share bisa jadawalin da aka saita shekaru uku da suka shige? Binciken kuɗin gwamnati ba ya sauri. Rahoton babban mai binciken kuɗi na tarayya yakan fito ne shekaru bayan an kashe kuɗin, shari'un EFCC kuma kan daɗe a kotu. Wa'adin kwana 90 ba zai jira ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma babban jami'in da ya fahimci haka ba ya buƙatar ƙona ofis. Jan ƙafa ya ishe shi.

Ba kuma za a ce a ajiye komai har abada ba. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta hana riƙe bayanan mutum fiye da lokacin da ake buƙatarsu, kuma kowane tsohon kwafi abin farauta ne ga masu kutse. Abin lura shi ne, gwamnati ta san yadda ake yanke adadi idan ita ke buƙatar shaidar: Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin sadarwa riƙe bayanan masu hulɗa da su na shekara biyu. Irin wannan adadi a rubuce, a bainar jama'a, shi ya kamata kowace ma'aikata ta fitar game da takardun kwangila, biyan kuɗi da imel ɗin shugabanninta, tare da dokar dakatar da duk wata sharewa da zarar an buɗe bincike, da kwafin da ko shugaban sashen fasaha ba zai iya gogewa ba kafin wa'adinsa.

Jadawalin ajiyar shi kansa bayanin gwamnati ne, don haka kowane ɗan ƙasa na iya rubuta wa ma'aikata ya tambayi kwana nawa take riƙe kwafi, wa ya sa hannu a kan adadin, da wa ke da ikon sauya shi. Doka ta ba ma'aikatar kwana bakwai ta amsa.